Shekarar da Na Zama Ɗan Aiken Matata

Shekarar da gwamnati ta samu kuɗin gyara yadda ake sa ido kan cututtuka, ni aka rage wa tsawo a gidana. Matata ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti bayan Funtuwa. Aka kai su horo Katsina, ta dawo da wata faffaɗar waya har da sola ta yin caji. Aikinta shi ne duk ƙauyen da ƙyanda ko amai da gudawa suka ɓulla, ta tura labari sama nan take kafin abin ya yaɗu.

Na yi murna, wallahi na yi. Ba ta dai daɗe ba.

Ni malamin firamare ne, kuma tun da can zaurena ba ya rabo da mutane, daga mai neman shawarar taki sai mai rigimar iyakar gona. Ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi. Tun da namiji ba ya faɗawa gidan wani, dole da maigida za a yi sallama. In fito, in shimfiɗa tabarma, a tambayi iyali, a tambayi masara, ina gyara zama za a zo kan magana, sai in ji, "Malam, dama Hajiya muke so a shaida wa, yara sun kwanta a rugarmu." Hajiya fa! Matar da ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba.

In shiga in faɗa mata, ta ce, "Koma ka tambaye shi, akwai ƙuraje?" In koma, in dawo, ta sake aikena. Kishi ne ya ci ni, ba na ɓoyewa. Na san aikin ceton rai ne, da idona na ga masu allura sun nufi rugar nan washegari. Sanin bai hana ni jin haushi ba. Abin da nake lallashin kaina da shi, ko gari ya koma wajenta, a dangina dai ni ne babba.

Ni ɗan fari ne. Inna, mahaifiyata, tana Mahuta, kuma don kunya ba ta faɗin sunana, balle ta kira ni a waya. Ta bakin ƙannena saƙonta yake zuwa. Ran nan bayan la'asar ina zaure wayata ta yi ƙara, na duba, Inna ce. Ban san lokacin da na durƙusa ba, kamar tana gabana. Na ce a raina yau dai ta neme ni da kanta.

Ta amsa gaisuwata a gajarce, ta ce, "Tana kusa? Wayarta ba ta shiga. Jikan maƙwabta ne ya fito da ƙuraje."

Na ce tana kusa. Na kai wa matata wayar, na tsaya bakin ƙofa ina jira a dawo kaina. Suka gama maganar yaron, suka shiga hira har da dariya, Inna ta kashe wayarta.