Sunan da Uwaliya Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a Gammo ya san Uwaliya, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. In tana magana a tsakar gidanta, maƙwabta sukan amsa daga nasu gidan. Ba faɗa take yi ba, haka Allah ya yi mata maƙogwaro. Ta iya ciniki, ta iya tsiya, ta iya wanke mutum tas tana dariya har shi ma ya taya ta. Amma duk wannan bakin nata, akwai kalma guda da ba ta taɓa fita daga cikinsa ba, ita ce sunan 'yarta ta fari.

'Yar Kara ce, can ƙasar Gwarzo. Ta shiga firamare lokacin da gwamnati ke raba littafi kyauta, ta kai aji huɗu tana sahun gaba, sai zamanin tsuke bakin aljihu ya shigo. Malamai suka daina ganin albashi, iska ta yaye rufin ajinsu ba wanda ya mayar. Babanta ya ce makarantar da ba rufi ba malami, gara ta zauna ta taya uwarta suyar gyaɗa. Uwaliya ta yi kuka har ta gaji. Har yau in ta tuna sai ta ja tsaki ta ce, "Da yanzu ni ce nas, ina tsira muku allura kuna ihu."

Ɗalha, wani manomi daga Gammo, ya zo sayen man gyaɗa wata ranar kasuwa, ta yi masa tsiya a kan dattin kwalbarsa. Bawan Allah ya koma gida ya ce shi fa ya ga matar aure. Mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, da damina yana gona, da rani yana Kurmi, can kudu, wajen ci-rani. Aka ɗaura aure, Allah ya ba su 'ya mace, aka raɗa mata Humaira.

Kunyar ɗan fari kowa yana yi, amma Uwaliya ta ɗauki abin da zafi. Ba ta wasa da yarinyar a gaban mutane, ba ta yabonta, suna kuwa ko a mafarki. Sai dai "waccan", ko "yarinyar gidan nan". Surukarta, Inna Marka, har alfahari take yi a gidan biki. "Matar Ɗalha akwai baki," in ji ta, "amma wallahi akwai kara."

Humaira tana da shekara huɗu sanƙarau ya shigo ƙasar ya yi ɓarna. Ta kwanta, Allah ya tashe ta, amma kunne ya tafi. 'Yar maganar da ta fara koyo ma ta bi shi a hankali. Yarinyar ta koma karatun baki: in kakarta ko babanta suka kira sunanta tana kallonsu, sai ta gane ta taho. Uwaliya kuwa hannu take ɗaga mata. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ga shi ba damar ta nuna, sai ta huce a kan turmin gyaɗa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, sa'annin Humaira suka shiga firamare. Uwaliya ta tura Ɗalha ya kai ta. Hedimasta, Malam Baƙo, ya dubi yarinyar ya ce, "Sai haƙuri, babu kujera." Ɗalha ya yi godiya, har da addu'a, ya dawo gida.

"Godiyar me ka yi?" in ji Uwaliya.

"To, ai ya karɓe mu hannu bibbiyu."

Washegari ta zura sabon hijabinta, don a lokacin ko maƙwabta za ki leƙa sai da shi, ta ɗora kujerarta 'yar tsugunno a ka, ta ja hannun yarinyar. Ta dire kujerar a gaban teburin hedimasta. "Malam, an ce kujera ce babu. Ga ta nan, ta maɗaci ce, ba ta girgiɗi."

Malam Baƙo ya yi dariya har da ƙwalla, sannan ya gaya mata gaskiya. Ba kujera ce matsalar ba, malami ne. Duk makarantar babu wanda ya iya koyar da kurma. In tana so ta kai ta makarantar kurame ta Kano.

"Kano? Yarinyar da mota za ta danna mata hon ba ta ji ba? A'a, Malam. Nan ma makarantar gwamnati ce."

Ya ce akwai malaman da suka karanci maganar hannu, amma ofishin ilimi ba zai turo malami guda saboda yarinya ɗaya ba, sai in yaran suna da yawa.

"Au, yawa ake so?" in ji Uwaliya. Ta ɗauki kujerarta ta fita.

Daga ranar ta daina aika ƙuli-ƙuli, da kanta take kaiwa gida-gida. Ana ciniki tana baza ido. Ashe sanƙarau ya bar irin Humaira a gidaje da dama. Ɗan wata mata Zinariya yana bin awaki tun safe har yamma. 'Yar wata mai suna Asibi ba ta fita ko zaure, wai kar yara su tsokane ta. Wasu iyayen suka ce mata ta bar wa Allah, ta ce ai Allah ne ya ba ta ƙafa. Ta bi ƙauyukan gefe, ta je har Kabo, ta hau mota ta je Gwarzo don ta ji an ce akwai wani ajin kurame a can, ta tsaya ta taga tana kallon yara suna hira da yatsu suna ƙyalƙyala dariya. Ta dawo ba ta iya cin tuwo ba don zumuɗi.

Gari kuwa ya ɗauka. Mata suna cewa dubi mai kara tana rawar ƙafa a kan 'yar fari. In ta ji sai ta ce, "Ni don waccan nake yi? Allah ya kiyaye. 'Ya'yan mutane nake tausayi." Ba wanda ya yarda, ita ma ta san ba a yarda ba.

Sai ta tare Malam Hammadu, malamin Islamiyya, a ƙofar makarantarsa. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Allah gafarta Malam, fatawa na zo. Kurma in ta balaga akwai salla a kanta?"

"Akwai mana."

"To wa zai koya mata?"

Malam ya shafa gemu, ya sake shafawa. A ƙarshe ya ce, "Uwaliya, kin ɗaure ni." Shi ya riƙa tayar da maganar a masallaci, shi ya ja Malam Baƙo suka yi ta sintiri a ofishin ilimi na Kabo, har aka sa ranar da jami'in ilimi zai zo ya ga yaran da idonsa.

Ranar aka taru a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, maza a gaba, mata a baya da yaransu. Ɗalha yana Kurmi. Inna Marka ta zo da carbinta ta zauna dab da surukarta. Jami'in, Malam Mahbub, matashi ne mai tabarau, kuma da ganinsa an taɓa yi masa wayo.

"Kafin mu fara," in ji shi, "a wani gari an tara mana yara wai kurame ne, na tafa hannu sai rabinsu suka waiwayo. Wasu kuma na aro ne daga wata ƙaramar hukuma. Saboda haka kowace uwa ta taso da ɗanta, ta faɗi sunansa da bakinta. In na sami ƙarya guda, magana ta mutu."

Zinariya ta taso ta faɗi nata. Asibi ta faɗi nata. Aka yi ta yi har aka zo kan Uwaliya. Ta miƙe da Humaira a gabanta.

"Sunan yarinya?"

Matar da ake jin muryarta daga bakin rijiya ta tsaya tana murza gefen hijabi. Mata suka fara ƙunshe dariya. Zinariya ta ɗaga murya za ta faɗa, jami'in ya ɗaga mata hannu.

"Uwar nake tambaya. Hajiya, 'yarki ce ko ba 'yarki ba ce?"

"Ta gidanmu ce," in ji Uwaliya.

"Ta gidanku. To ga irinta nan." Ya rufe bironsa.

Malam Baƙo ya sunkuya ya raɗa masa cewa 'yar fari ce. Malam Mahbub ya ce shi ma ɗan fari ne, ya san zancen, amma a wancan garin ma da wannan uzurin aka fake. Malam Hammadu ya yi gyaran murya ya ce shi dai bai taɓa ganin inda addini ya hana uwa kiran sunan 'yarta ba. Duk wannan bai shiga kunnen Uwaliya ba. Inna Marka take kallo ta gefen ido. Tsohuwar kuwa ta duƙufa a kan carbinta kamar ba ta wurin.

Uwaliya ta dubi 'yar Asibi da aka fito da ita yau da sabon kallabi. Ta dubi ɗan Zinariya. Ta dubi tata, wadda ta ɗago kai tana kallon bakin uwarta don ta gane me ake ciki. Tsoro ya kama ta, na gaske, cewa yarinyar nan za ta koma gida kamar yadda ita ta koma daga aji huɗu.

"Humaira," ta ce. Kuma da yake Uwaliya ce, har masu wucewa a kan hanya sun ji. "Humaira Ɗalha. Ni na haife ta."

Mata suka sa salati, wata ta rangaɗa guɗa aka yi mata tsawa. Jami'in ya buɗe biro ya rubuta. Malamin maganar hannu ya zo bayan Babbar Salla, aka share musu tsohon ɗakin ajiya ya zama aji, amma wannan daga baya ne.

A hanyar gida Humaira ta ƙi tafiya. Ta sha gaban uwarta, ta kama hijabinta ta jawo ta ƙasa, ta ɗora yatsa a kan leɓen uwar, sannan ta nuna ƙirjinta. Ta san wannan motsin a bakin kakarta, ta san shi a bakin babanta, ba ta taɓa ganinsa a wannan bakin ba. So take a sake.

"Ke, sake ni, mutane na kallo," in ji Uwaliya. Yarinyar ba ta saki ba.

Inna Marka, wadda kullum sai an jira ta a hanya saboda ciwon gwiwa, ta ɗaga ƙafa ta wuce su da sauri. "Ni na yi gaba," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Kunnena ma kwanan nan ba ya ji sosai."

Uwaliya ta durƙusa a tsakiyar hanya, ta riƙe fuskar 'yarta da hannu biyu. A hankali ta faɗa, ba murya, leɓe kawai. Humaira ta yi dariya, ta gyaɗa kai, ta sake ɗora yatsa a bakin uwar. Uwaliya ta sake faɗa.