Sawun Taya Huɗu a Ƙofar Gidanmu

Ko me zan manta a rayuwata, ba na jin zan manta da ranar da na gano ciwon motar kawuna. A shekarar da soja suka miƙa mulki ne, na gama bautar ƙasa da digirin injiniya, ina zaune a gida a Ƙofar Durbi ba aikin yi.

Kawu direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Katsina da Kano. Da harkar siyasa ta buɗe, hanya ta cika da matafiya, sai ya cire injin tsohuwar motarsa ya sa wani babba mai shegen ƙarfi. Ba a jima ba motar ta fara wata tafiya a karkace. Yana taka totur sai ta ja hagu, shi kuma yana kokawa da sitiyari. An canza tayoyin gaba, an daidaita sitiyari a gareji ya fi a ƙirga, ba abin da ya sauya. Har aka fara raɗe-raɗin an yi wa motar asiri. Fasinjoji suka guje ta, shugaban tasha kuwa ya ce in ba ta gyaru ba zai cire ta daga layi. Da motar nan Kawu yake ciyar da gida duka, har da ni.

Wata safiya an share ƙofar gida an yayyafa ruwa, Kawu ya tayar da mota ya miƙe sambal. Da na dubi ƙasa sai na ga sawun taya huɗu. Motar da ke tafiya a miƙe sawu biyu ya kamata ta bari, don na baya kan bi na gaba. Na yini ina tunanin ko idona ne, don ni mutum ne mai tsoron a yi masa dariya.

Da la'asar na same shi a gareji, na ce, “Kawu, ban tabbata ba, amma wataƙila ciwon ba a gaba yake ba.”

Babban makanikin ya yi dariya. “Malam Injiniya, mota na ja da sitiyari ka ce baya? Haka aka koya maku a Zariya?”

Kawu ya ce, “Bar shi ya gwada, Alhaji. Me ya rage mana?”

Na ari igiya. Na auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a hagu, na ƙulla alama. Na zagaya dama, sai ga igiya ta gaza, da kusan faɗin yatsu biyu. Na sake aunawa, na kuma sakewa, har Kawu ya ce, “Ɗana, igiyar za ta tsinke!”

Aka ɗaga motar da jak. Ƙusar da ke haɗa sifirin mai tare jijjiga da aksul, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya, ta karye a dama saboda ƙarfin sabon injin, aksul ɗin ya zame baya. Makanikin ya fito daga ƙarƙashi da guntun ƙusar a tafinsa, ya ce, “Wallahi yaron nan ya gani.” Shi da kansa ya mayar da aksul ɗin mazauninsa, ya sa ƙusa mai kauri.

Muka hau hanyar Batagarawa don gwaji. Kawu ya taka totur, ya sassauta riƙon sitiyari, mota ta miƙe ɗoɗar. Ya yi ta danna ham yana kabbara, ni kuma ina roƙonsa ya rage gudu. Washegari ya yi lodi a tasha, mota cike.

Har yau ban daina cewa “wataƙila” ba, halina ne. Amma ranar ta koya mini cewa in na ga abu da idona, na kuma auna shi, to in faɗe shi ko da za a yi mini dariya. Da na yi shiru, da an cire Kawu daga layi.