Jan Karenmu da Ƙwayar Sha-Ka-Fashe

Karen da ke gadin tumakinmu a Durun ja ne mai farin wuya. Ba ya shiga cikin gida, iyakarsa gindin darbejiyar bakin garke. Baba ne ya raine shi, da Allah ya yi masa rasuwa sai kula da karen ta dawo kaina.

Wata damina ƙaiƙayi ya kama shi, ya dinga susa har kunnuwansa suka yi jini. Ran kasuwa na yi wa wani mai tallar magani bayani. Ya miƙo mini ƙananan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu ke sha don su yi ƙiba, ya ce in riƙa cusa masa a tuwo kullum. Kwana uku susa ta tsaya. Na ci gaba da ba shi har kusan wata biyu, ban tambayi kowa ba.

Sai kare ya canza mini. Ya shanye ruwan kaskonsa, ya koma na tumaki, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Shi da bai taɓa sata ba ya fara tura kai cikin dusar dabbobi. Cikinsa ya zama kamar tulu, gashin haƙarƙarinsa ya zube, ko a inuwa haki yake. Wata safiya ya yunƙura zai bi garke, ƙafafun baya suka ƙi ɗaukarsa.

Kawuna ya tsaya daga nesa ya dube shi. "Wannan ya gama yawo. A kira maharbi tun bai haukace ya ciji wani ba."

Na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri zuwa jibi."

Washegari na sa shi a kwando, na ɗaure a bayan babur sai Gwarzo. Likitar dabbobin da na samu mace ce mai ƙarancin magana. Ta latsa cikinsa, ta ce, "Malam, me kake ba shi?"

Na nuna mata ragowar ƙwayoyin.

"Ba hauka ba ce, aikin maganin nan ne. Yana kwantar da ƙaiƙayi, amma ba ya kashe abin da ke kawo shi."

"To, yau zan watsar da su."

"Kul! Jikinsa ya riga ya saba. In ka yanke farat ɗaya, kana iya rasa shi. A hankali za ka janye."

Ta kankari fatarsa ta duba, ta ce ƙazuwa ce tun farko. Ta yi masa allura, ta ba ni maganin wanka, ta rubuta mini yadda zan rage ƙwayar mako-mako.

Raba ƙwayar ne ya gagare ni, ina taɓawa take dagargajewa. Inna, mahaifiyata, wadda ko inuwar kare ba ta so, ta gaji da kallona ta ce, "Kawo nan, hannunka na garma ne." Da reza take tsagawa, rabi, daga baya kwata. Ita ke tuna mini ranar sha da ranar hutu. In na yi godiya sai ta ce, "Don tumakina nake yi."

Ƙishirwar ce ta fara tafiya, sai hakin. Ciki ya saɓe, sabon gashi ya tsiro. Ƙafafun ne suka daɗe.

Bayan an yanke dawa, wani yammaci babban ragonmu ya tsinke igiya ya nufi titin Kabo, ga motoci na wucewa. Kafin in ajiye bokitin hannuna, wani jan abu ya wuce ni kamar kibiya. Ya tsallake kunyoyi, ya sha gaban ragon dab da kwalta, ya koro shi har garke.

Ina tsaye cikin karan dawa ina kabbara da ƙarfi. Da na waiwaya, Inna ce a bakin zaure, ta saki guɗa har maƙwabta suka fito suna tambayar wa ya haihu.