Yafiyar da na hana Bulama

Bulaman unguwarmu ɗan kawuna ne, wato taubashina, ko da yake ya girme ni nesa ba kusa ba. Lokacin da yake neman rawani, zamanin Di'o Bature yana zaune a Potiskum, gida-gida ya bi yana cewa in Allah ya ba shi, zai roƙi En'e ta haƙa mana rijiyar siminti, matanmu su huta da zuwa unguwar Bolewa ɗibar ruwa. Allah ya ba shi. Aka kafa turke, aka yi addu'a, aka sari ƙasa har gwiwa. Daga nan ramin ya zama makwancin awaki.

Shekaru suka yi ta tafiya. In aka tambaye shi, sai ya ce maganar tana gaban Di'o. In aka sake Di'o, sai ya ce sabon bai gama sanin gari ba.

Wata kaka, bayan an kai hatsi rumbu, sai ya ce zai miƙa wa ƙanensa rawani ya tafi Makka. A lokacin nan wanda ya kama hanyar gabas ba a sa masa ranar dawowa, don haka ba ya ɗaga ƙafa sai ya tara jama'a ya nemi yafiya. Ko mutum ɗaya ya riƙe shi a zuci, tafiyar ba ta yi daɗi ba.

Da safen ranar matata ta ajiye mini kunu, ta ce, "Malam, matan unguwa sun aiko ni. Kai kaɗai ne kake da bakin yi masa magana. In ka ce ka yafe, daga gobe kai da tulu."

Ba zan ɓoye ba, Allah ya yafe mini, ban tafi don rijiya kaɗai ba. Ina son in ga fuskarsa.

Bayan la'asar aka cika ƙofar gidansa. Liman ya ce, "Jama'a, Bulama yana roƙon wanda ya saɓa wa ya yafe masa."

Aka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe, duniya da lahira."

Na bari suka yi shiru, sannan na gyara murya. "Allah gafarta Malam, ni tawa yafiyar tana nan tukuna."

Bulama ya yi dariya. "Ku rabu da shi, bawana ne. Me na ci maka, ɗan nema?"

"Ba ka ci mini komai ba, ranka ya daɗe. Sha ne ban sha ba. Yafiyar tawa na ajiye ta a gindin rijiyarka. Ka sa guga ka jawo."

Aka kwashe da dariya, har da dogarin da ya rako wakilin hakimi. Bulama ya dubi Liman ya ce, "Ai wasan taubasai ne."

Liman, wanda matarsa ita ma takan yi sammakon Bolewa, ya sosa gemu ya ce, "To, alkawari dai kaya ne, Bulama. Sai ya ce ya yafe da bakinsa."

Na ga dariyar ta bar fuskar taubashina. Tsoho ne, ya sayar da shanunsa, ya yi sallama da 'ya'yansa, abokan tafiyarsa suna jiran motar Maiduguri. Na so in janye, amma na hango zannuwan mata ta bayan danga.

Mota ta tashi babu shi. Abin da ya gagara shekara da shekaru, sai ga shi ya yiwu kafin watan ya mutu: kullum yana bakin ofishin En'e, har aka gaji da shi aka ba shi magina biyu da siminti. Haƙa kuwa aka ce ta unguwa ce. Bulama ya ce, "Mai yafiya a ƙasa shi ya san inda ya ajiye ta." Aka ɗaura mini igiya a ƙugu.

Rani ya yi nisa ina cikin rami, shi kuma yana bakinsa a kan buzu, yana jan tasbaha yana tambayata ko na hango yafiyar. Ran da diga ta fito da laka, ruwa ya taso mini har idon sawu, na ɗaga kai na ce, "Taubashi, na yafe."

Ya leƙo. "Me ya ce?"

Masu igiya suka ce, "Ya ce ya yafe, Baba."

"Madalla. Ku riƙe igiyar nan haka. Shi ma ya hana ni tafiya da abokaina, ban ji ya roƙe ni yafiya ba."

Ruwa ya kai mini ƙwauri. Na roƙa. Ya ce tsufa ya taɓa masa kunne, in ƙara ɗaga murya yadda matan bayan danga za su ji. Sai da suka ji, suka yi guɗa, sannan ya ce a jawo ni.