Kofin Silba a Kan Randa

A gidanmu da ke Magajiya, ba a cin abinci shi kaɗai. Kakata, mahaifiyar Baba, wadda kowa ke kira Iya, ta yi wa kowane girki abokin tafiya, kuma ba ta yarda a raba su. Dambun zogale da zoɓo mai citta yake tafiya. Masa da miyar taushe sai kunun gyaɗa. Tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa kuwa ruwan randa kawai yake so, don ta ce duk abin da aka haɗa shi da shi raina shi aka yi. In ka gama ci ka zabura za ka tashi, sai ka ji muciya ta tare maka hanya.

"Zauna ki sha, takwara," haka take ce mini, don sunanta aka sa mini. "Gudun me kike yi, ko gidan miji za ki?"

Ranar Alhamis ce ranar faten doya. Tun la'asar za ta fere doyar da matan Gwari ke kawowa a kafaɗa, ta zuba manja da busasshen kifi da daddawa, ta yi ta tuƙawa har doyar ta narke. Abokin fate kunun tsamiya ne, na gero, mai kauri. Bayan sallar magariba mukan kewaye murhu, ni da ƙannena biyu, kowa da kwanonsa, wutar ta koma garwashi. Kafin a zuba wa kowa kunu, Iya takan cika wani kofin silba mai lotsattsen gefe, ta rufe shi da faifai, ta ɗora a kan randa. Ba mai taɓa shi. Da gari ya waye kuma sai mu tarar da kofin babu komai a ciki, an kife shi.

Mun ji tsoron kofin nan sosai. Ƙanina ya rantse aljani ne ke zuwa ya sha. Ni kam ko ruwa aka aike ni ɗebowa a randar, da bismilla nake ɗaga murfin, ina waige.

Sauran ranaku Iya na da tatsuniyoyi masu ban dariya, har da kwaikwayon murya. Ta Alhamis guda ɗaya ce tak, kuma ba ta canzawa. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta zo ta zauna."

Wai akwai wata mata a wani gari a gindin dutse, tana da 'ya'ya biyu maza. Ƙaramin zai tafi neman arziki, sai ta yi masa fate, ta dama kunu. Ya cinye faten, amma kunun na da zafi, bai shawu ba. Wansa, wanda zai raka shi, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa ayari zai wuce, ya taso. Uwar ta ce a bari kunun ya huce. Wan ya ce ai ruwa bai ƙare a duniya ba, ya sha a hanya. Haka ƙaramin ya fita da manja a maƙogwaro. Da rana ta take, ƙishi ya kama shi, sai ya ga wata tsohuwa a inuwar dutse da tulu a gabanta. Ya roƙa, ta ba shi. Ashe duk wanda ya sha ruwan tulun nan hanyar gida ɓace masa take yi. Har yau yana nan yana tafiya. Amma in iska ta kawo masa ƙamshin tsamiya, yakan tsaya cak, ya juya, yana ƙoƙarin tuna inda ya san shi.

A nan take tsayawa. Mu yi ta naci, "Iya, ya dawo?" Sai ta taɓa gefen kwanona ta ce, "Ya huce, ku sha." Sau ɗaya na taɓa tambayarta wan fa, me ya same shi. Ta daɗe tana tona garwashi da tsinke kafin ta ce, "Shi ma yana da nasa ƙishin."

Baba ba ya zama a wurin tatsuniyar Alhamis. Yakan dawo daga aiki Abuja a gajiye, ya karɓi fatensa da kununsa ya shige ɗaki. Na ɗauka gajiyar hanya ce.

Ina aji uku a sakandare Iya ta fara barin mini damun kunu, don hannunta ya soma rawa. A shekarar ne likita ya ce Baba na da ciwon suga. Wata Alhamis na ɗauko ledar suga zan zuba a tukunya, sai ta riƙe mini hannu.

"Cika kofin can tukuna, sannan ki zuba. Daga yau kada suga ya ƙara shiga cikinsa. Ki ƙara masa citta."

Na ce, "Iya, aljanin naki ma ya je asibiti ne?"

Ta kai mini duka da mafici tana cewa bakina ya fi ni girma. Na yi dariya, na yi yadda ta ce, na ci gaba da yi shekara da shekaru ban ƙara tunani a kai ba. A lokacin na riga na ji a bakin mahaifiyata Umma cewa Baba na da ƙane, Baffa Sale, wanda ya hau mota a Gauraka zai tafi neman aiki Kaduna tun kafin a haife ni. Bai isa ba, bai dawo ba, ba a ga gawa ba. Sai na gane kofin rabonsa ne, yadda ake rufe wa wanda ya fita abincinsa. Na zaci iyakar labarin ke nan.

Iya ta rasu da damina, ina da 'ya'ya biyu. Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka watse, na tarar da Baba zaune a kan turmi kusa da randa, kofin silbar a hannunsa. Ban taɓa ganin ya tsufa ba sai ranar. Ba ya kiran sunana, saboda na uwarsa ne, Hajiya yake ce mini.

"Hajiya, kin san wan da ke cikin tatsuniyar nan?"

Kafin in amsa, ya ci gaba.

"Ni ne. Ni na ce masa ya bar kunun, motar safe za ta cika. Da ya tsaya ya sha, da wata motar zai hau." Ya juya kofin a hannunsa. "Juma'ar farko bayan ɓatansa na ga ta zubar da kunun kofin nan a gindin mangwaro tana kuka. Ban iya sake gani ba. Tun daga nan nake shanye shi da asuba kafin in tafi masallaci. Ban san me take tsammani ba, ban kuma tambaya ba. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai duk Alhamis in ji ta ta taga tana ba ku labarina. Ta tafi ba ta yafe mini ba."

Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, yaushe rabon ka ji suga a kofin nan?"

Ya dube ni. Ya ce ya daɗe, ya ɗauka mantuwar tsufa ce.

"Ba mantuwa ba ce. Ni nake damawa. Satin da likita ya hana ka suga ta riƙe mini hannu, ta ce kada ya ƙara shiga kofin, in ƙara citta."

Kowa a gidan ya san Baba ne mai son citta. Ya kifa fuskarsa a kan kofin, ni kuma na tashi na ba shi wuri.

Na daɗe ina juya abin a raina. Muna yara mun ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada a tashi daga abinci ba a sha ba. Yanzu ina ganin Iya ta rasa yadda za ta yi da bakinta ne. Zafin ɗan da ya ɓace bai bar ta ta daina ba da labarin ba, tausayin wanda ya rage kuma bai bar ta ta daina cika kofin ba. Har yau ina jin haushin su biyun, da suka kwana a gida ɗaya shekaru masu yawa ba wanda ya buɗe baki, kuma ina jin tausayinsu fiye da haushin.

Yanzu ni ke bin motar Abuja kullum da sassafe, kuma na gaji muciyar Iya, don 'ya'yana sun san ba a tashi sai an sha. Baba na nan da ransa a Magajiya. Duk Alhamis in na taso aiki nakan biya in yi masa fate, in dama kunu, in cika kofin silbar. Ba na rufe shi da faifai. A hannu nake miƙa masa, in zauna kusa da shi har ya huce ya sha.