Wasiƙar da Kawu Ya Ƙi Sa wa Hannu

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga gida ranar Talatar da ta wuce, ni da yayana, muka nufi tashar motocin hanyar Zariya. Tun da na dawo, ƙawayena da muka gama jami'a tare suke ta bugo waya suna tambayar abin da ya zaunar da ni ƙauye har kwana biyu, alhali sun san ni da gudun rana. Katin waya ba zai ishe ni in bi kowa da labari ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Shekara guda ke nan da na gama bautar ƙasa, digirina na tattalin arziki yana kwance a akwati, ni kuma ina zaune a gida. Watan jiya a wani kafe na intanet na ci karo da sanarwar wata cibiya a ƙasar waje, mai kula da kuɗaɗen da manyan ƙasashe ke warewa don taimaka wa irin namu su tunkari sauyin yanayi. Suna neman matasa su je su koyi aiki a wurinsu na wata shida. Irin wannan koyon aiki yawanci kyauta ake yinsa, sai 'ya'yan masu hali ke iya zuwa. Wannan kuwa da alawus, har da jirgi da masauki. Bayan takardun makaranta abu biyu suka nema: maƙala a kan wata al'umma da sauyin yanayi ya taɓa da yadda kuɗi zai amfane ta, sai wasiƙar shaida daga shugaban wata ƙungiya ta al'ummar. Za su rufe karɓa ranar Juma'a da tsakar rana.

Maƙalar na riga na rubuta ta a ɗakina, daga rahotannin da na kwaso a intanet. Wasiƙar ma ni na tsara ta da Turanci na buga, sa hannu da hatimi kawai suka rage. Kawuna, yayan mahaifiyarmu, shi ne shugaban ƙungiyar manoman rani na wani ƙauye a ƙasar Bunkure, kuma yana koyar da karatu a zauren gidansa. A tsarina, mu je mu gaisa, ya sa hannu, mu dawo Kano kafin la'asar.

Motar tsohuwar bas ce, mu huɗu a layi. Har muka wuce kwanar Dawaki ƙasa a bushe take, gonaki fayau sai kututturen dawa. Muna haye gadar Tamburawa muka doshi Karfi sai ido ya fara hutawa: albasa, masara, alkama da ta nuna tana jiran lauje, ga ruwa yana tafiya a kanal a tsakiyar rani. Kwandunan tumatir jere a bakin titi ba mai ko tsayawa. Wani fasinja da ke bayanmu ya ce a makon nan kwandon da aka zuba tumatirin ya kusa fin tumatirin daraja. Aka yi dariya, amma da na leƙa taga na ga an yanyanka shi an baza a ƙasa yana bushewa, fili guda ya yi ja, na san ba wasa yake ba.

A Kura muka sauka muka karya da waina da miyar taushe, mai arha da yawa har na yi tsammanin matar ta yi kuskure. Garin ƙarar injinan gyaran shinkafa ce ke tashe shi, kuma duk inda aka sami fili an shimfiɗa leda an shanya shinkafa. Daga nan sai acaɓa. Mai babur ɗin ya dubi takalmina mai tsini da jakar hannuna, nan take kuɗin ya hau. Yayana ya ce in koma gefe, ya yi cinikin shi kaɗai, kuɗin ya sauko. Muka bi hanyar ƙasa da ke gefen kanal, ina riƙe da mayafina da hannu ɗaya, ɗayan kuma a kan ambulan ɗin da wasiƙar ke ciki.

Mun tarar da Kawu ya sallami ɗalibansa na safe. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kowa na gida ɗaya bayan ɗaya. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta kawo mana shinkafa da wake da mai da yaji, da yankakken tumatir da albasa a kai. Sai bayan azahar na fito da wasiƙar. Kawu ba ya jin Turanci, don haka ya ce yayana ya karanta ya fassara masa jimla jimla. Ana cikin tafiya aka zo inda na rubuta cewa na shafe shekara biyu ina aiki tare da manoman ƙungiyar. Kawu ya ɗaga hannu.

"Rabonki da garin nan tun bikin autata," in ji shi. "Shekara huɗu ke nan."

Na ce, "Kawu, haka kowa yake rubutawa. Ba wanda zai taso daga can ya zo ya bincika."

Ya ce, "Ni ai na sani. Hatimin kuma ba nawa ba ne, na jama'a ne suka ba ni ajiya."

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata rai ba. Ya tambayi abin da maƙalar ta ƙunsa, na ce shawara ce a saya wa manoma injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana. Ya yi murmushi, ya ce su a nan ruwa da ƙafarsa yake zuwa daga madatsar ruwa ta Tiga, ba jawo shi ake yi ba, damuwarsu daban ce. Sannan ya ce in ina so in zauna in ga aikin, abin da ya gani da idonsa shi zai sa wa hannu.

Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. Kwana uku suka rage, kuma wannan ce dama ta farko da na gani a shekara guda wadda ba ta buƙatar a san wani. Waya ba ta kamawa a cikin gida, sai an hau kan tudun bakin kanal. Can na je na kira mahaifiyarmu ina sa ran za ta sa baki. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Abin da Yaya ya ce ki yi shi za ki yi." Na sauko daga tudun, Inna ta ara mini zane da silifas.

Laraba da sassafe Kawu ya tafi da mu inda ake aikin gayya. Wata ciyawa ce doguwa da suke kira kachalla ta cike ƙaramin kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin da suke can ƙarshe. Magidanta sun shiga ruwa har ƙugu suna sara da adda suna jefowa waje. Wanda gonarsa ke kusa da bakin ruwa ba ya rasawa. Na ƙarshe kuwa wani lokaci sai ya yi kwanaki yana jira, shukarsa tana yaushi yana kallo. Na tsaya a gefe da littafina, rana tana dukana, kunya kuma tana cina, don ko sunan ciyawar nan babu a maƙalata.

A nan wani dattijo mai gonar alkama ya kira ni. Ya tsinko zangarniya ɗaya ya murje a tafin hannunsa, ya hure, ya nuna mini. Ƙwayoyin sun motse, sirara kamar ba su ƙoshi ba. Ya ce alkama sanyi take so, kuma a ƙuruciyarsa sanyi yakan daɗe har ta cika. Yanzu zafi ke riga ta. Damina ma haka, ta yi jinkiri, in ta zo kuma ta zubo gaba ɗaya ta kwashe shuka. Bai taɓa jin kalmar sauyin yanayi ba, shi dai cewa ya yi lokaci ne ya rikice. Na tambaye shi in da za a kawo kuɗi me zai so a yi da su. Ya ce irin alkama mai jure zafi, da wurin da tumatir zai kwana uku bai ruɓe ba. Ya ƙara da cewa kowane taimako ne ya zo kafin shuka, don ya sha ganin taki ya iso bayan an yi girbi.

Da yamma Inna ta kai ni gidan wata ƙawarta mai turara shinkafa. Sana'ar mata ce a yankin: a jiƙa shinkafa da ɓawonta, a turara ta a rabin duro, a shanya, sannan a kai inji. Tsakar gidan hayaƙi ne ko'ina, idona ya yi ta ruwa, matan suna ta yi mini sannu suna dariya. Itace ya yi tsada, don bishiyoyin kusa sun ƙare. Ita wannan matar sai ta gina murhu da laka da guntun ƙarfe, tana hura shi da ɓuntu, wato ɓawon shinkafar da injina ke zubarwa. Wutarsa ta fi daɗewa, hayaƙinsa kaɗan. Ba wanda ya koya mata.

Abin ya burge ni, na shiga yi mata bayanin cewa a duniya yanzu akwai tsarin da ake biyan mutum in ya rage hayaƙin da yake fitarwa. Ta ajiye muciyarta ta dube ni.

"Wato hayaƙin da ban yi ba, shi za a biya ni?"

Na ce kusan haka ne. Matan suka fashe da dariya, wata ta ce to ita gobe ba za ta hura wuta ba sam, a kawo nata. Da dariyar ta lafa sai mai gidan ta ce, "To 'yar nan, wa zai zo ya auna? Kuma kuɗin ta hannun wa da wa zai biyo kafin ya iso tsakar gidan nan?"

Shekara huɗu na yi ina karanta tattalin arziki, ba malamin da ya taɓa yi mini tambayar da ta kai wannan wuya. Muna komawa gidan Kawu na zauna a kan tabarma, na juya bayan tsohuwar maƙalar na fara sabuwa. Na cire injinan hasken rana. Na sa kachalla, da alkamar da zafi ya riga, da murhun ɓuntu, na kuma rubuta tambayar matar yadda ta yi ta, na ce ita nake so in je in koyi amsarta.

Alhamis da safe Kawu ya tara manoma kaɗan a zaure, ya sa na fassara musu abin da na rubuta. Suka gyara mini wuri biyu. Na ce kanal ɗin yana toshewa duk shekara, suka ce a'a, sau biyu a shekara in ba a yi sa'a ba. Sannan Kawu ya faɗi wasiƙarsa da Hausa, yayana yana mayarwa Turanci da biro. Gajeriya ce. Ya ce ni 'yar ƙanwarsa ce, na zo musu na kwana biyu, na zaga, na yi tambaya, na saurara, kuma abin da na rubuta an karanta musu sun yarda haka yake. Na roƙe shi a cire maganar dangantaka, kada a ce son kai ne. Ya ce gara su ji daga bakinmu. Ya sa hannu da ajami, ya hura wa hatimin iska ya danna.

Mun taso da hantsi da rabin buhun shinkafa da albasa da rake, kayan da suka sa kwandasta ya yi ta mita har Kano. Muna isa gida na karanta wa mahaifiyarmu wasiƙar, ina ƙorafin ba wani yabo a ciki. Ta sa na maimaita, sannan ta ce tun tasowarsu ba ta taɓa jin Yaya ya shaidi wani da saurare ba, ko ita.

Da yammar nan na je kafe, intanet ya ƙi. Juma'a da safe na koma na buga maƙalar, aka yi wa wasiƙar sikanin, wuta ta ɗauke aka tayar da janareta. A fom ɗin akwai gurbin da aka tambayi tsawon lokacin da mutum ya yi tare da al'ummar. Na daɗe ina kallonsa, sannan na rubuta kwana biyu. Saura kamar awa ɗaya a rufe saƙon ya tafi. Sun ce sai nan da wata biyu za a ji sakamako, kuma na san akwai waɗanda za su rubuta shekara biyu, wataƙila su za a ɗauka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya zauna mini. Na tashi neman aikin raba kuɗi ga mutanen da ban taɓa tsayawa a gonarsu ba, har na yanke musu abin da suke buƙata ina zaune ƙarƙashin fanka, alhali tsakanina da su tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce. Kafin mu taso Kawu ya ce ƙungiyarsu ba ta da mai rubuta mata takardu, in damina ta faɗi ban tafi ko'ina ba in zo a yi dashen shinkafa da ni. Na ce masa to. In kuma an ɗauke ni, sai na biya ta Bunkure kafin in hau jirgi, don akwai tambayoyin da ban gama yi ba.