Ragowar Katako

Tsumma na hannunsa, yana goge fallen gilashin nan mai duhu daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar yadda ya saba kowace safiya kafin shayinsa ya huce. Samfuri ne da masu sayarwa suka bar masa. Ba irin solar da ake ɗorawa a kan kwano ba ce, wannan shi ne rufin, shi ne kuma mai ba da wutar. Wata biyu ke nan yana kwance a teburin falo.

Shekara arba'in Mai Guduma ya yi yana rufa wa mutane gidaje. Rana ta cinye masa ƙeya, gwiwoyinsa sun koyi kukan tsohuwar ƙofa. Nasa rufin kuwa yoyo yake wuri uku, ɗaya daidai gadon matarsa, wadda takan ce kafinta ta aura, amma bokiti ne ya riƙe mata amana.

Babbar 'yarsu, ma'aikaciyar banki, ita ta kawo maganar. Ta ce tunda dole a sake rufi, a cire kuɗin kwano daga kuɗin gilashi, abin da ya saura kuɗin wuta da man janareta za su mayar da shi cikin shekara tara. Ita za ta ciyo bashin rabi, shi ya kawo ajiyar tsufansa. Lissafin ya yi kyau, har da jan layi a ƙarƙashi. Yau ta zo da takardar a sa hannu, domin hadari ya fara leƙowa.

Ya tambaye ta ko ta taɓa ɗaga fallen. Ta yi dariya, ta ce ita alƙalami take ɗagawa. Ya miƙa mata. Hannunta ya yi ƙasa, sai da ta tara ɗayan.

"Guda ɗaya ke nan, uwata. Ɗari biyu da wani abu za su hau kanmu."

Ta ce masu sayarwa sun tabbatar mata duk ginshiƙin rufi mai kyau zai ɗauka, kuma wa ya isa ya raina aikin Baba?

Ya daɗe yana duban silin. A shekarar da aka haife ta ya rufa gidan nan, ba shi da kuɗin katako. Duk aikin da ya gama wa mutane, sai ya roƙi guntayen da suka rage, ya ɗauro su a keke. Gaɓa a kan gaɓa, ƙusa a kan ƙusa. Babu doguwar sanda ko ɗaya a saman nan. Silin ya rufa masa asiri shekara talatin da huɗu, ko matarsa ba ta sani ba.

Ya faɗa wa 'yar tasa gaskiyar, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce sai an sauke komai, an sayi sabon katako mai kauri, ta ƙara wannan a takardarta.

Ta danna waya, ta goge, ta sake dannawa.

"Shekara goma sha tara, Baba."

"Ni kuma sittin da takwas gare ni. Kar ki ci bashin nan."

Matarsa ta leƙo daga ɗaki, ta ce in sun gama sayen rana, garin ya yi duhu, a sa mata bokitinta.

Ya ninke tsumman a kan gilashin. Ya dafa teburi ya miƙe, gwiwa ta yi kukanta, ya ɗauki bokitin a bayan ƙofa ya nufi ɗakin matarsa.